Zuwa Ga Bawana Bazazzage, Sarkin Rabon Huluna

Malam Bazazzage, gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Ina fatan kana lafiya, kai da sauran bayinmu na Tudun Wada da Ƙofar Doka. Labari ya iso Kano cewa likafa ta ci gaba: kamfanin wayar da kake yi wa aiki ya ba ka ofis mai sanyi da kujera mai juyi, ya ce daga yau kai ne mai kula da haƙƙin al'umma da na muhalli da ke wuyansa. Da aka yi mini bayanin aikin, aka ce dogon Turanci ne da gajeren kuɗi, sai na ce to, an ajiye ƙwarya a gurbinta. Duk ƙasar Hausa babu mai iya raba buhun shinkafa goma ya rubuta musu rahoto mai shafi tamanin in ba mutumin Zariya ba.

Hotunanka ma sun zo. Ga ka cikin riga mai tambarin kamfani, tumbi ya fara turo ta, kana yanka ƙyalle a bakin rijiyar burtsatse, dagaci a dama, ciyaman a hagu, yara an kifa musu hulunan da suka fi ƙarfin kawunansu. Rijiya fa! Kai da ka tashi a garin da ya yi shekara da shekaru yana jiran ruwan famfo, aka buɗe masa sabuwar matatar ruwa a 2017 da kiɗa da jawabi, amma har yau 'yan ga-ruwa ba su ajiye kura ba. Ban ga laifinka ba, wanda ya san nauyin jarka shi ya dace da rabon rijiya. Sai dai ni ɗan kasuwa ne. In na ga ana kyauta ga mai ɗaukar hoto a gefe, hannuna kan tafi aljihu neman kalkuleta.

Ba zan buɗe littafin kamfaninku ba, kada a sallame ka ka dawo mini Kano cin tuwon banza. Bari mu ɗauki MTN, tunda shi ne babba, kuma tun da ya shiga kasuwar hannun jari ta Najeriya a 2019 lissafinsa a fili yake. A 2004 ya kafa gidauniya, ya yi alkawarin zuba mata har kashi 1 cikin 100 na ribarsa bayan an cire haraji. A 2022, shekarar da kasuwa ta yi masa kyau, cinikinsa ya haura naira tiriliyan 2, riba kuma ta kama wajen biliyan 350. Kashi ɗaya na wannan biliyan 3 da rabi ke nan. A bakin mai jawabi kuɗi ne masu nauyi, har a tafa. Amma ka raba su a kan abin da muka biya. Duk katin naira 1,000 da talaka ya kankare, abin da zai koma gidauniya bai cika naira 2 ba. Naira biyu, Bazazzage. Yau ko almajiri ka miƙa wa ita sai ya ɗaga kai ya dubi fuskarka ya ga ko lafiya.

Ban ce ba a yi komai da kuɗin ba. An biya wa ɗalibai karatu, har da makafi. An kai taransifoma da rijiyoyi da kujerun makaranta unguwanni, ma'aikata kuma sukan fita aikin sa kai na kwana 21 a watan Yuni. Airtel ma a 2021 ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da UNICEF ta dala miliyan 57, don haɗa makarantu da intanet a ƙasashe 13 da buɗe shafukan karatu da ba sa cin data. Mutumin da ɗansa ya gama jami'a da wannan tallafi ba zai so jin zolayata ba, kuma yana da gaskiyarsa.

Amma zo mu je Kantin Kwari ka ga yadda iyayen gidanka suke yi. Alhaji in shekara ta zagayo yakan ƙidaya kayan shago da kuɗin hannu, uwa da riba gaba ɗaya, ya fitar da ɗaya bisa arba'in, wato kashi 2 da rabi. Ko kasuwa ta yi daɗi ko ta yi ɗaci, muddin dukiya ta kai nisabi sai ta fita, kuma ba ya aika wa 'yan jarida katin gayyata. Na san abin da za ka ce: kamfani ba ya salla balle zakka, haraji yake biya. Na yarda. To amma dubi abin da ya faru da aka saki naira ta faɗi. MTN ya bayyana asarar biliyan 137 a 2023, ya sake bayyana ta wajen biliyan 400 a 2024. Kai da ka yi Jami'ar Ahmadu Bello, lissafa mana kashi ɗaya na babu. A irin wannan shekara duk abin da gidauniya ta samu ganin dama ne, alkawarin bai tilasta ko sisi ba. Kuma shekarun nan biyu su ne talaka ya fi neman agaji, bayan cire tallafin fetur da tashin kwanon masara.

Titi kuwa kada ka ma soma kawo mini shi. Aikin hanyar Enugu zuwa Onitsha da MTN ya ɗauka a kan sama da naira biliyan 200 yana ƙarƙashin umarnin shugaban ƙasa mai lamba 7 na 2019, wanda ya ce kamfani ya gina titi a zare masa kuɗin daga harajinsa. Aiki ne mai kyau, amma da kuɗinmu ake yi.

Akwai wani lissafin da ba ya shiga rahotannin masu irin kujerarka. A Oktoban 2015 hukumar sadarwa ta NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1 da biliyan 40, saboda layuka miliyan 5.2 marasa cikakkiyar rajista da bai rufe a kan lokaci ba, naira 200,000 kowane layi. Ba ƙaramar magana ba ce a lokacin, don da Shugaba Zuma na Afirka ta Kudu, ƙasar MTN, ya zo Abuja a 2016, Buhari ya faɗa a gabansa cewa irin waɗannan layuka sun taimaki Boko Haram. Bayan dogon ciniki aka sauko da tarar zuwa biliyan 330. Auna ta da waccan biliyan 3 da rabi. Sakaci ɗaya a cikin ainihin sana'a ya cinye abin da gidauniya za ta raba a shekara casa'in da ɗoriya, in kowace shekara ta yi albarka irin ta 2022.

Nan nake so ka kasa kunne, in Bazazzage yana jin magana ba tare da an buga masa ita a takarda ba. Ni a wurina haƙƙin jama'a yana cikin yadda aka samo kashi 99 ɗin nan da ba a ɗaukar su hoto. Kuma in gaskiya za a bi, babban alherin da kamfanonin nan suka yi mana a cikin sana'ar yake. Kafin 2001 layukan tarho a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, mai son kiran Legas sai ya je ofishin NITEL ya bi layi. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisi, kowanne dala miliyan 285, zuwa Agusta MTN da Econet suka kunna. Da farko layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma ko sallama kawai ka yi ka kashe, kuɗin minti guda za a cire. An ce mana cajin daƙiƙa-daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Da Glo ya fito da shi a 2003, sai ga shi ya yiwu a wurin kowa. Wannan sauyi ɗaya ya bar wa talaka kuɗi a aljihu fiye da duk hulunan da aka raba daga ranar zuwa yau, kuma kishiya ce ta kawo shi, babu wata gidauniya a ciki.

In kana son sanin darajar sabis, tambayi Zamfarawa. A Satumban 2021 aka rufe layukan jihar gaba ɗaya bisa roƙon gwamnatinta don yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa wani gari don kira ɗaya, masu POS suka rufe, ciniki ya tsaya. Nasu na 'yan watanni ne. Amma bisa ƙiyasin NCC kanta, sama da mutum miliyan 20 suna zaune a wuraren da sabis bai kai ba ko bai wadata ba. Su ne masu hawa tudu ko bishiya da waya a sama. Kamfani ba ya son zuwa can don jama'ar ba su da yawa kuma ba su da kuɗin data, shi ya sa ma dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman don irinsu. Ƙarfen sabis ɗaya a irin wannan ƙauye ya fi musu bikin rabon kaya goma, sai dai a ofishin da ke lissafin riba ake yanke wannan hukunci, ba a ofishinka ba. Ko suna gayyatarka zamansu?

Mu zo kan muhalli, inda na ji an ce ka fi zaƙewa, har kana rabon dashen itatuwa. Madalla, Allah ya sa awakin Samaru su bar su. Amma muhallin kamfanin waya yana gindin ƙarfen sabis, inda janareta ke kuka dare da rana. Wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, waya kuma ba ta barci, saboda haka kusan kowane turke da injinsa. Masu harkar da kansu sun ce suna ƙona man gas sama da lita miliyan 40 duk wata. In tankar lita 33,000 ce, tanka 1,200 ke nan da 'yan kai. Kowace lita in ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar da ke ɗumama duniya, wato sama da tan 100,000 a wata guda. Itatuwa nawa ka ce ka dasa?

Wayon yana nan. A 2014 manyan kamfanonin suka fara rabuwa da turakunsu. MTN ya miƙa sama da 9,000 ga wani kamfani da suka haɗa da kamfanin turaku na IHS, Etisalat ya sayar wa IHS sama da 2,000, Airtel ya sayar da wajen 4,800 ga American Tower. Suka koma 'yan haya a kan ƙarafan da suka kafa. Masu lissafin hayaƙi na duniya kuwa sun kasa shi gida uku: wanda ka ƙona da hannunka, wanda aka ƙona a tashar lantarki don a ba ka wuta, da wanda abokan hulɗarka suka ƙona a kan aikinka. Da aka sayar da turke, sai hayaƙin janareta ya tashi daga gida na ɗaya ya koma na uku. Janaretan bai motsa ba, maƙwabcinsa bai daina tari ba, shafi kawai aka sauya. Uwargida ce ta kai tukunyarta madafin maƙwabta, ta dawo tana nuna wa baƙi bangonta fari tas. Ban ce don wannan aka sayar ba, neman kuɗi da rage wahala ne suka sa. Kuma a yi adalci, alkawarin da MTN ya ɗauka na kai hayaƙinsa matakin ba-ci-ba-asara zuwa 2040 ya haɗa har da gida na ukun. Abin da nake so kawai, duk ranar da ka tashi karanta mana cewa hayaƙin kamfaninku ya ragu, ka faɗa mana na wane gida kake nufi. Kanawa ba a sayar mana da atamfa a naɗe.

Sola na shigowa yanzu, na gani. A 2022 IHS ya ware dala miliyan 214 don sa faifan rana da batura da jawo wutar gwamnati zuwa turakunsa, da niyyar rage kusan rabin hayaƙin da ke bin kowace wutar da ya sha kafin 2030. Ka duba shekarar da kyau. Ita ce shekarar da farashin gas ya ninka fiye da sau biyu bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Ba wa'azin masu muhalli ne ya shiryar da su ba, gidan mai ne. Kuma kada ka ɗauka kushe nake yi, wannan shi ya sa na yarda da aikin. Alherin da ke rage wa mai shi kashe kuɗi ba ya tsayawa ranar da aka yi asara, ranar ma ya fi gudu. Da ni ne kai, da na bar yankan ƙyalle na koma bin injiniyoyi ina ƙidaya janaretan da aka kashe.

In ka bi su za ka ga abin da ba a gani daga kujera mai juyi. Turke na da wuta dare da rana, ƙauyen da ke kewaye da shi duhu, ƙaramin asibitin da ke bayansa da tocilan waya ake karɓar haihuwa. Maigadin wurin, sau da yawa ɗan'uwanmu ne daga ƙauye, yaron ɗan kwangilar ɗan kwangila ne, sunansa ba ya cikin ma'aikatan kowa. Sannan ku dawo kuna kukan ana sace muku batir da gas da faifan sola, har sai da gwamnati ta ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa a 2024. Sata haramun ce, ban wanke kowa ba. Amma da za a ja wa asibitin nan waya ɗaya daga rarar wutar turke, a kafa wa matasa rumfar caji a jikin shinge, da ka ga yadda gari ke gadin abin da yake ci daga gare shi.

Su kuma na cikin birni, tsoronsu daban ne. Da yawa sun ɗauka iskar sabis ce ke sa ciwo, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ga gamsasshiyar hujjar haka daga turakun ba. Abin da ke damunsu a zahiri ido na ganinsa, kunne na jinsa: ƙara, hayaƙi, girgizar da ke tsaga bango, da mai da ke tsiyaya ya bi ƙasa har rijiya. Hukumomi biyu ma sun daɗe suna jayayya a kan tazarar da ta kamata tsakanin turke da gida, NCC ta ce mita 5, hukumar muhalli ta NESREA ta ce mita 10. Wani ɗan'uwana a Kurna tagar ɗakinsa na kallon wani janareta, ya ce shi bai damu da wadda ta yi nasara ba, shi dai a ba shi barci. Kamfanin da ya damu da jama'a ba sai ya jira hukumomi sun gama faɗa ba, sai ya ɗauki goman ya huta. (Mai filin da aka kafa turken shi kaɗai ne ba ya jin ƙarar. An ce kuɗin haya na toshe kunne.)

Watan cika-ciki ya wuce ba ka zo karɓar kuɗin shararka ba, ko girman ofis ne ya hana? To ga shara ta gaske tana jiranka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, kuma wanda aka tattara ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Za ka ce ku layi kuke sayarwa, ba ku ƙera waya. To waya don wa ake sayenta? Kuma tsofaffin baturan turke, masu dalma da ruwan batir, na wane ne? Zo kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut ka ga inda wayoyi ke mutuwa. Masu gyara su cire abin da zai yi amfani, saura ya tafi hannun 'yan gwangwan, yara su ƙona wayoyin wuta don fitar da jan ƙarfe suna shaƙar baƙin hayaƙi, batir a fasa shi da guduma a zubar da ruwansa a kwata. Dalma kuwa mutanen Arewa ba sai an yi mana bayaninta ba, mun ga yadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a 2010. Doka ta ce mai kawo kaya shi ke da alhakin gawarsu, har an kafa ƙungiyar EPRON a 2018 don wannan. Ku kuma kuna da abin da ba wanda yake da shi: shago ko wakili a kowane lungu, da lambar kowa. Ka ce duk wanda ya kawo matacciyar waya ko kumburarren batir za a ba shi data. Wallahi kafin la'asar Kanawa za su share maka gari, har na Zariya za mu zo mu kwashe mu sayar muku.

Saura maganar aljihu. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, karo na farko tun 2013. Ni mai saye da sayarwa ne, na san ba a sayen gas da farashin bana a sayar da kira da farashin shekara goma sha biyu baya, don haka ban shiga zanga-zanga ba. Amma wanda ya ƙara kuɗi ya ƙara awo. Kira ya daina yankewa a tsakiyar ciniki. Data ta daina ƙarewa mutum na barci ba tare da an nuna masa inda ta bi ba. A daina liƙa wa tsohuwa waƙar kira da saƙon ƙwallon ƙafa ana zarar mata naira hamsin-hamsin, ita da ko karanta saƙon ba ta iya ba, balle ta san ana tura kalma zuwa 2442 a tsayar. Wannan naira hamsin ɗin, ka lissafa da kanka, ta ninka naira biyun gidauniya sau ashirin da biyar.

Ka kai wa manyanka wannan takarda, ka ce daga ubangidanka na Kano take, ba na neman kwangila, hula ma ina da ita. Amsarka kuma ka rubuto ta a jarida yadda kowa zai gani. Kada ka ce za ka kira ni, don tun da aka ƙara kuɗin kira ban ga komai daga lambarka ba sai filashin.